Kafin Ka Sassaƙa Farfela: Abin da Ke Sa Injin Iska na Gida Ya Ba da Wuta

Duk wanda ya iya walda, ya san kan waya, kuma yana da haƙurin sassaƙa katako, zai iya haɗa injin da iska za ta juya ya ba da wutar lantarki. Abin ya daɗe. A watan Yulin 1887 wani malami ɗan Sikotland mai suna James Blyth ya kafa injin iska mai fuka-fukan ƙyalle a harabar gidansa na hutu a ƙauyen Marykirk, yana cajin batura yana kunna fitilu. Fiye da shekara ɗari bayan haka, a ƙasar Malawi, William Kamkwamba yana ɗan shekara 14 ya tattara tarkacen keke da fankar tarakta da bututun roba da ya gasa ya miƙar, ya ɗora su kan hasumiyar itace, ya kunna ƙwan fitila a ɗakinsa. Ashe ke nan babu sauran gardama kan ko za a iya. Inda gizo ke saƙar shi ne wutar nawa za a samu, kuma shekara nawa injin zai yi a tsaye. A nan yawancin masu gwadawa ke faɗuwa, kuma tun kafin su ɗauki gizago suke faɗuwar.

Dalili shi ne akasarin mutane daga janareta suke fara tunani. Mutum ya tsinci wani ƙaramin injin lantarki an rubuta wat 500 a jikinsa, sai ya ƙudura a ransa cewa in ya maƙala masa farfela ya samu wat 500. Alhali janareta abin da farfela ta miƙa masa kawai yake mayarwa wuta, ita kuma farfela ba ta da abin miƙawa sai abin da iska ta kawo. Daga iskar ya kamata a fara lissafi.

Abu uku ke yanke yawan ƙarfin da ke cikin iskar da ta doso injin: nauyinta, faɗin da'irar da fuka-fukan ke sharewa in suna juyawa, da gudunta. Nauyin ba ya hannun kowa. A gaɓar teku, iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska nauyinta kusan kilo 1.2 ne, kuma tana raguwa in zafi ya tsananta ko an hau tudu. A tsayin mita 1,500 ta rage da wajen kashi 15 cikin ɗari. Faɗin da'ira kuwa yana hannun mai ginawa, kuma yana biya: in ka ninka tsawon fiffike, da'irar ta ninka sau huɗu, wutar ma haka.

Gudun shi ne uban tafiya. In gudun iska ya ninka, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa. Ga yadda abin yake: iskar da ke ratsa da'irar a kowace daƙiƙa ta zama ninki biyu, sannan kowane kilo nata yana ɗauke da ƙarfi ninki huɗu saboda gudun, biyu sau huɗu kuwa takwas. Ɗauki farfela mai faɗin mita 2 daga wannan baki zuwa wancan, wadda ita ce matsakaiciya a irin wannan aiki. In iska na gudun mita 3 a daƙiƙa, wato wadda za ka ji a fuska, ganye na ɗan motsi, duk ƙarfin da ke ratsa da'irar wajen wat 52 ne. In ta kai mita 6, wadda ke tayar da ƙura tana kaɗa ƙananan rassa, ya zama wajen wat 415. A mita 12, lokacin da manyan rassa ke rangaji har laima ta gagari mai riƙe da ita, ya haura wat 3,300. Injin ɗaya ne, wuri ɗaya, amma tsakanin safiya mai lumana da yammaci mai hadari akwai ninki sittin da huɗu.

Ko wannan ɗin ma ba duka ake kamawa ba. Da a ce farfela za ta kwashe duk ƙarfin iskar, sai iskar ta tsaya cik a bayanta, ta tare wa mai zuwa hanya. Dole a bar mata ragowar gudun da za ta fice da shi. Masanin kimiyya Bajamushe Albert Betz ya yi lissafin wannan iyaka a 1919, ya nuna cewa babu farfelar da za ta kama fiye da kashi 16 cikin 27, wato kimanin kashi 59 cikin ɗari, komai kyawun ƙirarta. Manyan injunan kamfanoni da ake kashe wa maƙudan kuɗi suna kaiwa kashi 45 zuwa 50. Na gida, bayan an cire abin da ke salwanta a fuka-fukai da boris da zafin koyil (naɗin wayar da ke cikin janareta) da dogon waya, in ya isar da kashi 25 zuwa 30 cikin batir ya yi abin yabo. Ke nan farfelar nan tamu wat 15 za ta ba da a iskar mita 3, wajen wat 120 a iskar mita 6. Da wannan lissafi kaɗai mutum zai iya gano ƙaryar talla. In ka ga injin da faɗin farfelarsa mita ɗaya ne an rubuta wat 1,000 a kwalinsa, ka sani duk ƙarfin iskar mita 12 da ke ratsa wannan faɗin bai kai wat 850 ba, balle abin da za a tace daga ciki.

Shi ya sa adadin wat da ake laƙaba wa injin iska ba ya gaya maka komai sosai. Galibi a iskar mita 11 ko 12 ake auna shi, irin wadda a yawancin wurare sa'o'i ƙalilan take yi a shekara. Abin da gida ke amfani da shi shi ne jimillar wutar da ta taru a batir daga safe zuwa wata safiya. A wurin da matsakaicin gudun iska na shekara ya kai mita 5, farfelar mita 2 mai kyau za ta tara wajen kilowat-awa 2 a rana, abin da zai riƙe fitilu da cajin waya da talabijin da ƙaramin firij. In matsakaicin mita 3 ne, da ƙyar za ta haura rabin kilowat-awa, abin da faifan sola ɗaya matsakaici zai ba da a ƙasa mai rana ba tare da ko noti ɗaya ya motsa ba. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: wurin da matsakaicin iskarsa bai kai mita 4 ba, a bar injin iska ga mai sha'awar koyo, mai neman wuta kuwa ya nufi sola.

Matsalar ita ce kusan kowa gani yake garinsu akwai iska. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ranar da guguwa ta yaye rufin maƙwabci take riƙewa, ta manta da makonnin da ganye bai motsa ba. Mafita ita ce awo. Ana samun ƙaramar na'urar auna gudun iska, mai kofuna uku da ke juyawa, wadda ke adana abin da ta auna. A ɗaga ta daidai tsayin da injin zai zauna, a bar ta watanni, in da hali shekara guda, domin iska tana da lokutanta. Kafin nan ana iya leƙa taswirar Global Wind Atlas, wadda jami'ar fasaha ta Denmark da Bankin Duniya suka sa a intanet kyauta. Sai dai a kula da tsayin da aka zaɓa a cikinta: launin da ke burge ido a mita 100 na manyan injuna ne, a sauko da shi mita 10 a ga yadda yake dusashewa. Taswira kuma ba ta san da bishiyar da ke gefen gidanka ba. Bishiyoyin ma shaidu ne: inda iska ke da ƙarfi shekara da shekaru za ka ga rassansu sun karkata gefe ɗaya sun zauna a haka.

Daga nan sai hasumiya, wadda a ganina ita ce rabin aikin, kuma ita ce masu farawa suka fi rainawa. Iska tana ƙara gudu gwargwadon nisanta da ƙasa, domin ƙasa da abin da ke kanta suna ja mata birki. A fili fetal, ninka tsayi yana ƙara gudu da wajen kashi 10 cikin ɗari. Kamar ba komai ba, amma in aka bi da shi ta lissafin nan na ninki takwas, wutar ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. A wuri mai gidaje da itatuwa ribar ta fi haka. Akwai kuma abin da ya fi gudun muhimmanci, wato natsuwar iskar. Duk iskar da ta ci karo da gini ko bishiya dagulewa take yi, tana murɗawa tana canza fuska, injin ya yi ta waige-waige yana neman ta, ba wutar kirki, ga wahala a kan boris da gindin fuka-fukai. Ƙa'idar da masu aikin suka daɗe suna bi ita ce gindin farfela ya ɗara duk wani abin da ke cikin tazarar mita 150 da aƙalla mita 10. Wannan ne ke kashe dabarar ɗora injin a kan rufi, wadda ke zuwa wa kowa da farko. A gwaje-gwajen da aka yi a Birtaniya tsakanin 2007 da 2009 kan ƙananan injunan da aka kafa a jikin gine-gine, yawancinsu sun gaza nesa da abin da masu sayarwa suka yi alkawari, wasu ma wutar da inbatarsu ta sha ta fi wadda suka samar. Ga kuma gurnanin da ke bin bango ya shiga ɗaki cikin dare. Hasumiyar da ta fi dacewa da mai aikin hannu ita ce dogon bututun ƙarfe mai gaɓa a gindi, an ɗaure shi da wayoyin ƙarfe ta fuska huɗu, yadda za a kwantar da shi a yi gyara a ƙasa, kada kowa ya hau.

Sai wace irin farfela. Akwai wadda ke jan hankalin masu farawa: a raba durom biyu ta tsawo, a goce ɓangarorin kaɗan, a tsayar da su kan sanda. Wani ɗan ƙasar Finland, Sigurd Savonius, ya fito da wannan ƙira a shekarun 1920. Haɗinta da sauƙi, ba ruwanta da fuskar da iska ta fito, kuma ƙaramar iska ma tana motsa ta. Amma tura ta iska ke yi, abin da ake turawa kuwa ba ya wuce mai tura shi gudu, sannan a kowane juyi rabinta yana dawowa yana karo da iskar. Saboda haka gudunta kaɗan ne, abin da take kamawa ma kaɗan, ga nauyin da ke hana a ɗaga ta sama sosai. Tana da amfaninta wajen jan ruwa da makamantansu. Wajen lantarki kuwa, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Janareta gudu yake so, gudu kuma yana zuwa daga fiffike mai ƙirar na jirgin sama, wanda iska ke ratsa bayansa mai doro ta ja shi gaba, har bakinsa ya yi gudu ninki shida ko bakwai na gudun iskar kanta. An daɗe kafin a gane haka. Injin da Charles Brush ya kafa a birnin Cleveland na Amurka a 1888 faɗinsa mita 17 ne, da fuka-fukan katako 144, amma kilowat 12 kawai yake bayarwa, alhali injin zamani mai wannan faɗin yana ba da ninkin-ba-ninkin haka. A shekarun 1890 Poul la Cour na Denmark ya yi gwaje-gwaje a garin Askov, ya gano cewa fuka-fukai kaɗan masu gudu sun fi masu yawa masu jan jiki. Haka wasu 'yan'uwa biyu, Marcellus da Joe Jacobs, a jihar Montana ta Amurka a shekarun 1920, da farfelar famfon ruwa suka fara, suka ga ba ta da gudu, suka koma fiffike uku. A kan uku aka tsaya har yau. Biyu ma suna aiki, amma duk lokacin da injin ya juya kai don bin iska sai ya yi karkarwa.

Fiffike mai kyau murɗaɗɗe ne. Kusa da gindi yana da faɗi da kauri, ya karkata sosai. Yana tafiya yana sirancewa yana miƙewa, har a baki ya kusa zama a kwance. Dalili kuwa bakin ya fi gindin gudu nesa ba kusa ba, don haka kowane ɓangare ta wata kusurwa daban yake haɗuwa da iska. Katako mara nauyi, busasshe, mai miƙaƙƙiyar tsaga kuma mara ƙulli, har yanzu shi ne ya fi dacewa, domin yana jure lanƙwasa sau miliyoyi ba tare da ya gaji ba. Ana zana layuka a jikinsa a wurare biyar ko shida, a sassaƙe fuskar da ke kallon iska ta zama shimfiɗaɗɗiya, a zagaye bayan, a bar wurin da ya fi kauri kusa da gefen gaba, gefen baya kuma a feƙe shi siriri. Bututun roba da aka yanka ya fi saurin haɗawa, amma rana tana cinye shi ya yi gautsi. In an haɗa ukun, sai a ɗora farfelar kan sandarta a ɗaki mara iska a sake ta. Duk fiffiken da ya riƙa gangarowa ƙasa ya fi nauyi, sai a liƙa dalma a ɗaya gefen har ta tsaya a duk inda aka bar ta. Kada a raina wannan mataki. A iskar mita 10 farfelar mita 2 tana juyawa kusan sau 570 a minti, bakin fiffikenta na gudun fiye da kilomita 200 a awa. Bambancin nauyin da hannu ba zai ji ba ya isa ya kwance duk notin da ke jikin hasumiya.

Yanzu a zo ga janareta. Altanetar mota ita ce ke fara zuwa rai, tunda cajin batir ne aikinta. Sai dai an ƙera ta don injin da ke juya ta sau dubbai a minti, ba ta fara caji sai ta haura juyi dubu, farfelarmu kuwa a iskar mita 3 juyi 170 take yi. Ƙari a kan haka, maganaɗisunta na lantarki ne, sai an ba shi wuta daga batir kafin ya yi aiki, kuma abin da yake sha ya fi abin da ƙaramar iska za ta iya bayarwa. In aka sa bel ko sarƙa don a ƙara mata gudu, an ƙara nauyin tashi da wani abin lalacewa. Injunan lantarki masu maganaɗisu na dindindin, irin na wasu injunan wanki da na babura masu batir, sun fi ta dacewa, sai dai da yawansu suna da cijewa: ka juya da hannu ka ji suna kamawa suna saki, domin maganaɗisun na jan ƙarfen da koyil ke naɗe a kai. Wannan cijewar tana hana farfela tashi a ƙaramar iska.

Shi ya sa ƙirar da ta fi yaɗuwa tsakanin masu haɗa nasu ita ce wadda Hugh Piggott ya daɗe yana koyarwa daga Scoraig, wani lungu a arewa maso yammacin Sikotland da wutar gwamnati ba ta kai ba. Faifai biyu ne na ƙarfe, kowanne an jera masa maganaɗisun neodimiyam a da'ira, wannan fuskar arewa, na kusa da shi fuskar kudu, suna fuskantar juna da 'yar tazara a tsakani. A cikin tazarar aka sa faifai na uku wanda ba ya juyawa, mai ɗauke da koyil-koyil na wayar jan ƙarfe da aka zuba wa rezin, wato ruwan roba mai ƙafewa, ya daskare. Tsarin da aka fi sani shi ne maganaɗisu 12 a kowane faifai da koyil 9, an kasa su gida uku. Faifan maganaɗisun biyu suna zaune kan kan-taya na mota, wanda boris ɗinsa an yi shi don wahalar da ta fi wannan. Tunda babu ƙarfe a cikin koyil ɗin, babu cijewa. Yatsa ɗaya ya isa ya juya shi. Wannan ƙira ba ta yiwu da kyau ba sai da aka samu maganaɗisun neodimiyam a farkon shekarun 1980, mai ƙarfin da ya wuce na da nesa. Ƙarfin nan kuma shi ne haɗarinsa. Faifai biyu da aka gama jera wa maganaɗisu, in suka kusanci juna sukan haɗe da ƙarfin da zai murƙushe yatsu, don haka da dogayen kusoshi masu zare ake sauko da ɗaya kan ɗaya a hankali. Ba a barin sufana ko wuƙa kusa, mai na'urar daidaita bugun zuciya kuwa kada ma ya shigo wurin.

Gwaninta tana cikin daidaita koyil da farfela. Yawan naɗin waya shi ke yanke juyin da janareta zai kai ƙarfin batir ya fara caji. In naɗin ya yi yawa, zai fara caji da wuri, amma ya danne farfelar kafin ta kai gudunta, ta yi ta nishi ko da iska ta ƙaru. In ya yi kaɗan, za ta yi ta gudu fanko a ƙaramar iska, ba ta cajin komai. Abin da ake nema shi ne cajin ya fara a iskar mita 3. Wanda ya canza girman farfela ko ƙarfin batir bai sake lissafin naɗi ba, ya ɓata ƙirar da ya kwaikwaya.

Wutar da ke fitowa mai kai-da-komo ce ta waya uku, sai ta bi ta gadar dayod ta zama mai tafiya hanya ɗaya kafin ta shiga batir. A nan akwai wata ƙa'ida da ta raba injin iska da sola, kuma rashin saninta ya karya injuna da yawa. In batir ya cika, na'urar kula da cajin sola katse faifan take yi, faifan ya zauna a rana ba abin da ya same shi. In aka yi wa injin iska haka, an cire masa kayan da ke riƙe da shi, kamar a sake wa ingarman doki linzami a tsakiyar sukuwa. Gudunsa zai yi ta hawa har fiffike ya tsinke, ƙarfin wutar kuma ya tashi ya ƙona abin da ke gabansa. Saboda haka injin iska kullum yana haɗe da batir, in batir ya cika kuma sai na'urar kula ta karkatar da rarar wutar zuwa wani abin da zai cinye ta, galibi waya mai zafi irin ta hita, wadda girmanta ya isa ya shanye duk abin da injin zai iya bayarwa. Wasu ruwa suke dafawa da ita. Mai amfani da batirin litiyam ya ƙara kula, domin allon kariyar da ke cikinsa yakan katse kansa ba sallama in ya ga caji ya yi yawa, kuma hakan daidai yake da cire batir. Birki kuwa da sauƙi: makunnin da zai haɗe wayoyin nan uku da juna kafin gadar dayod. Da an haɗe su janareta ya yi nauyi, farfela ta koma tafiyar hawainiya. A ja shi kafin hadari ya iso, domin in iska ta riga ta yi ƙarfi yana iya kasa tsayar da ita, koyil ya ƙone.

Tunda ba kullum mutum ke gida ba, dole injin ya iya kare kansa, kuma nan ne wutsiya ke nuna aikinta na biyu. Na farko sananne ne, ita ke juya fuskar farfela zuwa iska. Dabarar na biyun ta burge ni tun da na fahimce ta, don babu sifirin, babu lantarki a ciki. Ba a ɗora sandar farfela daidai tsakiyar hasumiya, ana goce ta gefe da 'yan santimita, saboda haka kullum iska na ƙoƙarin kautar da ita. Wutsiyar kuma tana rataye kan gaɓa mai karkata, yadda ba za ta naɗe ba sai ta ɗagu sama, nauyinta ke hana ta. A iska madaidaiciya nauyin wutsiya ke rinjaye. In iska ta kai wajen mita 10, turin ya fi ƙarfin nauyin, sai farfela ta kauce gefe ta ba iska kafaɗa, wutsiya ta ɗagu. Iskar na lafawa nauyi ya dawo da komai wurinsa. Wanda ya ƙara wa wutsiya nauyi don ya tatsi ƙarin wuta a babbar iska, koyil ɗinsa yake dafawa, domin rezin ba ya fitar da zafi da sauri.

Batun waya gajere ne amma yana cin mutane. Hasumiya mai kyau tana nesa da gida, wat 500 kuma a bolt 12 yana nufin amfiya 40 da ɗoriya, mai buƙatar waya mai kauri sosai. A bolt 48 amfiya 10 ne, asarar da ke tafiya a zafin waya ta ragu sau goma sha shida. A sa fis kusa da batir, a kuma binne sandar ƙarfe a haɗa ta da hasumiya da wayoyin ɗaurinta saboda tsawa.

Injin da ya tashi ya fara caji bai gama da mai shi ba. Abu ne da ke juyawa dare da rana, a rana da ruwa da ƙura. In aka ƙiyasta sa'o'in da yake aiki a shekara ɗaya, sun ninka na yawancin motoci sau da yawa. Wannan ne ya sa ya fi dacewa da wanda ya haɗa shi da hannunsa, a wuri mai iska da ke nesa da layin wuta, musamman inda iskar ke zuwa da dare ko a lokacin da gajimare ke rufe rana, yadda shi da sola za su cike wa juna gurbi a kan batir ɗaya. A kafa shi nesa da ɗaki da hanya, aƙalla tazarar tsayinsa da ƙari, ko da zai faɗi. Sau ɗaya a shekara a ja birki a kwantar da hasumiya. A girgiza farfela a ji ko boris ya yi sako-sako, a sa giris, a bi noti ɗaya bayan ɗaya. A duba gefen gaba na fuka-fukai, inda ƙura da ruwan sama ke cin katako, a cike a sake fenti, sannan a sake gwada daidaiton nauyi. A leƙa faifan maganaɗisu da kyau: in rezin ya tsage ruwa ya shiga, neodimiyam yana tsatsa ya kumbura har ya fara gogar koyil. Wayar da ke saukowa ta cikin bututu ma tana murɗewa saboda juye-juyen injin, don haka a sa mata mahaɗi a gindin hasumiya, yadda za a cire a warware ta lokaci-lokaci, bayan an tabbatar birki na kame.